Yadda za ka auna ko dokar ƙayyade haihuwa ta yi aiki: misalin ƙasar Sin

Duk mai son ya san ko dokar ɗa ɗaya tilo ta ƙasar Sin ta yi tasiri, kada ya fara da jimillar mutanen ƙasar. Ƙidayar 1982 ta nuna sun ɗan haura biliyan 1, ta 2020 kuma biliyan 1.41, alhali dokar ta yi aiki daga 1980 zuwa ƙarshen 2015. Dalili kuwa, yaran da aka haifa da yawa a shekarun 1960 su ne suka kai munzalin aure a lokacin. Ko kowace mace ɗa ɗaya ta haifa, masu haihuwar suna da yawa.

Alƙalumman da za ka nema su ne matsakaicin 'ya'yan da mace ɗaya ke haifa a rayuwarta. Idan ya tsaya a 2.1, al'umma tana maye gurbin kanta ne kawai. Ka jera wannan adadi shekara bi shekara, amma ka faro daga shekara goma kafin dokar. A nan mutane da yawa ke kuskure. A 1970 adadin yana wajen 5.8, kafin 1978 ya sauko kusan 2.7, a ƙarƙashin gangamin jinkirta aure, ba da tazara da rage yawan 'ya'ya. Ke nan mafi yawan saukar ta riga dokar. Shi ya sa iƙirarin gwamnatin Sin cewa dokar ta hana haihuwa miliyan 400 yake buƙatar taka tsantsan. Ka ajiye Tailan da Koriya ta Kudu a gefe ka kwatanta, domin su ma haihuwa ta ragu sosai a can ba tare da irin wannan doka ba.

Daga nan sai ka raba yawan jarirai maza da yawan jarirai mata, ka ninka da 100. Bisa al'ada ana samun maza kusan 105 ga kowane mata 100. Ƙidayar 2010 ta ba da 118. Kada ka tsaya a jimilla, ka ware ɗan fari daban, na biyu daban. Tun tsakiyar shekarun 1980 aka yarda wa mutanen karkara da yawa su yi na biyu idan ta farko mace ce, kuma a cikin na biyun ne giɓin ya fi muni, saboda ana ɗaukar hoton ciki a zubar da na mace. Wannan ɓarna ce babba, kuma a 2020 maza sun fi mata da kusan miliyan 35.

Ka kuma yi hattara da rajistar haihuwa. Inda ake cin tara mai nauyi, iyaye kan ɓoye yaro. Ƙidayar 2010 ta gano mutum kusan miliyan 13 da ba su da rajistar gida da ake kira hukou, wadda sai da ita ake samun makaranta da asibiti cikin sauƙi. Don haka ka ɗauki haihuwar da aka rubuta a wata shekara, ka gwada da yawan yaran da suka shiga aji ɗaya na firamare bayan shekara shida ko bakwai.

Kada jadawalinka ya ƙare ranar da aka soke dokar. An yarda da 'ya'ya biyu a 2016, uku a 2021, amma haihuwa ta ɗan ƙaru ne kawai a 2016 sannan ta ci gaba da raguwa, har a 2022 yawan jama'ar ƙasar ya ragu da kusan 850,000, karon farko tun 1961.