Kurakuran Da Masu Sa Ƙofa Suka Fi Yi Wajen Sauya Ƙofar Gida

Yawancin ɓarnar da ake yi wajen sauya ƙofar gaba, tun a wajen cire tsohuwar ake yin ta. Firam ɗin ƙofa yana da ƙusoshi ko ƙarafa da aka binne cikin bango. Mai gaggawa ba ya neman su, sai ya zura ƙarfe ya ɓanɓaro firam ɗin da ƙarfin tsiya, filasta ta biyo shi, wani lokaci har da gefen bulo. Yadda ya kamata shi ne a fara sauke ƙyauren, a tsaga layi tsakanin firam da filasta, a yanka firam ɗin gida biyu ko uku, sannan a zare shi gunduwa-gunduwa. Idan an riga an yi ɓarnar, a kankare duk filastar da ke ƙarar rami in an ƙwanƙwasa, a jiƙa wurin, a sake yaɓe. Shafa fenti a kan tsaga ɓata fenti ne kawai.

Wanda ya fi wannan muni shi ne sassaƙe lintal saboda sabuwar ƙofar ta fi gurbinta tsayi. Lintal shi ke ɗauke da nauyin bangon da ke saman ƙofa. Da zarar rodi ya bayyana, a tsayar da aikin, a kira magini ko injiniya. Asalin matsalar daga awo take: ana auna faɗi a sama, tsakiya da ƙasa, tsayi ma a auna shi a wuri fiye da ɗaya, a ɗauki mafi ƙanƙanta, a bar kamar milimita 10 na daidaitawa.

Sai tartsatsin injin yanka ƙarfe da na walda. Wannan ɓarna ce mai ɓoye kanta, domin ranar aikin ba a cika lura ba. Ɓurɓushin ƙarfe mai zafi yana nutsewa a gilashi da fuskar tayil, bayan kwana biyu ka ga ɗigo-ɗigon tsatsa, ka goge har ka gaji ba su fita. Gilashin da ya ƙone haka galibi sai dai sauyawa. Falanki a ƙasa, wani a jikin taga, shi ke nan an tsira. Haka ma siminti: in ya fantsama a kan alminiyum ko gilashi, a wanke shi nan take, don yana cin su.

Makunnin wuta kuwa kusan kullum yana dab da ƙofa, wayarsa kuma takan bi bango a miƙe zuwa sama. A kashe wutar gidan gaba ɗaya kafin a huda wannan gefen.

Ƙofar da ke buɗe kanta ko rufe kanta, ba aljanu ba ne, firam ne bai tsaya daidai ba. A ɗora ma'aunin ruwa na magina a kowane gefe, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa, awon biyu su zo ɗaya. Ratar da ke tsakanin ƙyaure da firam kada ta wuce kamar milimita 3, kuma ta zama iri ɗaya. Kumfar cike gurbi ma tana lanƙwasa firam idan aka cika ta, saboda tana kumbura bayan an fesa. Akwai mai ƙarancin kumburi da aka yi don ƙofofi da tagogi. In ƙofa tana gogar ƙasa, kada a yarda a fere ta kafin a duba hinji.

Dokin ƙofa ya ɗan karkata waje, a toshe ƙarƙashinsa da silikon, in ba haka ba ruwan sama zai riƙa shigowa ta nan.

Ga mai gida: ɗauki hoton bango, tayil da gilashi kafin a fara, ku yi magana kan wanda zai biya gyara in an yi ɓarna, a rubuce. Ka riƙe wani kaso na kuɗin aiki har sai ka gwada makulli da sakata daga ciki da waje, ka watsa bokitin ruwa a jikin ƙofar ka duba ciki.