Yadda Ake Tsara Ƙarin Gini Mai Bene a Jikin Tsohon Gida, da Yadda Ake Kasafta Kuɗinsa

Iyali sun ƙaru, yara sun girma, fili kuma ya yi tsada. Sai maigida ya dubi sararin da ya rage a bayan gida ko a gefen zaure, ya ce bari ya tayar da ɗakuna biyu a ƙasa, biyu a sama. Niyya ce mai kyau, ni ma ita na yi. Amma zagaya unguwannin Kano ka ƙirga gine-ginen da suka tsaya a linta, rodi ya yi tsatsa yana kallon sama shekara da shekaru. Yawancinsu masu shi sun fara da kuɗi a hannu. Lissafin ne aka yi shi da baki, a tsaye, tsakanin maigida da birkila.

Mataki na farko: fili, 'yan'uwa da maƙwabta

Idan gidan na gado ne, kada a sari ƙasa sai an zauna da magada an rubuta wane ne mai ginin da za a ɗora, da shaidu. Wannan ba na tsawaita shi, kowa ya san abin da yake haifarwa.

Sai maƙwabta. Bene yana leƙa tsakar gidan mutane, kuma a wurinmu wannan babbar magana ce. Ka shiga wajen maƙwabcinka tun kafin a yi zane, ka ce: "Alhaji, ina da niyyar ɗora sama, tagogin ɓangarenka zan ɗaga su sama da kai, indararo kuma cikin gidana zai zuba." Wannan zaman na minti goma ya fi zuwa gaban mai unguwa bayan an fasa taga. Ni a ra'ayina duk tagar da ke fuskantar gidan wani a bene, a yi ta ƙarama can kusa da silin, iska ta shiga, ido bai fita ba.

Mataki na biyu: a tona a ga abin da ke ƙasa

Tsohon gidan da aka gina shi a matsayin gida mara bene, harsashinsa na ɗaukar bango da kwano ne kawai. Babu ginshiƙai a cikinsa. Duk maginin da ya ƙwanƙwasa bango ya ce maka "zai ɗauka, Yallaɓai", ka yi masa godiya ka nemi injiniya. A haƙa rami biyu ko uku a jikin tsohon harsashin a ga zurfinsa da faɗinsa, a haƙa wasu a inda sabon ginin zai zauna. Ka tambayi dattawan unguwa ko wurin tsohon kududdufi ne da aka cike da shara, ko akwai tsohuwar rijiya ko masai da aka binne. A cikin birni wannan ya zama ruwan dare, kuma shi kaɗai yana iya ninka kuɗin fandisho.

Dokata a nan guda ce: sabon gini ya tsaya da ƙafafunsa. Ginshiƙansa daban, harsashinsa daban, a bar 'yar tazara kamar santimita 2 tsakaninsa da tsohon bango, a cike ta da abu mai laushi, a rufe samanta yadda ruwa ba zai bi ba. Tsohon gini ya gama zama tuntuni, sabo kuwa zai ɗan nutsa a shekarunsa na farko. In ka sarƙe su da bulo, nan gaba tsaga za ta fito daga sama har ƙasa daidai mahaɗar.

Mataki na uku: zane da izini

Zane iri biyu ake buƙata. Na mai zanen gini, wanda ke nuna ɗakuna da ƙofofi, da na injiniya, wanda ke faɗin kaurin rodi, yawansa, girman ginshiƙi da bim. Mutane suna biyan na farko su tsallake na biyu, alhali na biyun ne ke riƙe da rayukan iyali. Ka tabbata injiniyan yana da rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, kuma ya buga hatiminsa. Daga nan a kai wa hukumar tsara birane: KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, kowace jiha da tata. Kuɗin izini ka sa shi a kasafi tun farko, domin ranar da aka shafa wa bangonka jan fenti, leburori za su watse, simintin da ka tara ya yi ta kwana. Wanda ya tuna benen da ya rufta a titin Beirut a Kano a watan Agusta na 2022 ba zai ga tsaurin hukuma a kan bene ya yi yawa ba.

Wajen zane, ka matsa a kan matakala. Tana cin wuri fiye da yadda ake zato, kusan mita 2 da rabi a faɗi da mita 4 a tsawo idan mai juyawa ce. Tsayin kowane taki kada ya wuce santimita 17 da rabi, wato kimanin taki 18 ke nan zuwa sama. Faɗinta kada ya gaza mita guda, saboda gado da kujeru za su bi ta nan, tsofaffi ma za su hau. Banɗakin sama kuma a ɗora shi daidai kan na ƙasa, bututu ya sauka kai tsaye, ka huta da kashe kuɗi da yoyo.

Mataki na huɗu: rubuta kasafi da buhu, ba da naira ba

Wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. A 2023 ana sayen buhun siminti wajen naira 5,000. Zuwa watan Fabrairu na 2024 ya haura 10,000, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin siminti irin su Dangote da BUA a kan farashin. Wanda ya rubuta "dekin: miliyan kaza" ya wayi gari takardarsa ba ta da amfani. Wanda ya rubuta "dekin: buhu 75, rodi tan kaza, tsakuwa tifa kaza" sai dai ya sake ninkawa da farashin ranar.

Ga misali da gini mai mita 6 a faɗi, mita 8 a tsawo. Kewayensa mita 28, tsayin bango mita 3, ya ba da murabba'in mita 84. Bulo 10 ke rufe murabba'in mita guda, wato bulo 840 na bangon waje a kowane hawa, kafin a cire ƙofa da taga a ƙara bangayen ciki. Ka ce 1,100 zuwa 1,200 a hawa ɗaya. Hawan ƙasa da bulo mai inci 9, rabe-raben ɗakunan sama mai inci 6 don rage nauyi.

Ka biya masanin ƙididdigar kayan gini ya fitar maka da jerin komai daga zanen. Kuɗinsa bai kai asarar tifar yashi biyu ba. Sannan ka kasa aikin zango-zango, kowane zango ya ƙare a inda gini zai iya jira ba tare da ya lalace ba: fandisho zuwa daɓen ƙasa, bango da ginshiƙai zuwa linta, dekin da matakala, bangon sama da rufi, sai ƙarashe. Ba a shiga zango sai kuɗinsa sun cika, da ƙarin kashi 15 cikin ɗari a gefe. Wasu na cewa kashi 10 ya isa. A sabon fili wataƙila, a jikin tsohon gida kuwa bai isa ba, don kullum sai an ci karo da bututu ko sokawe da babu wanda ya san da shi.

Abubuwan da ake mantawa: fasa tsohon bango da kwashe ɓaraguzai, ruwa (tanka ko 'yan garuwa, kuma bene na shan ruwa sosai), mai gadi, dakon kaya idan lungun tifa ba ta shiga, abincin ranar zuba dekin, da gyaran rufin tsohon gida a inda ya haɗu da sabo.

Mataki na biyar: dekin

A nan na sha wuya, don haka a nan zan daɗe.

Dekin ɗin misalinmu murabba'in mita 48 ne, kaurinsa santimita 15. Kankare ke nan kubik mita 7.2, kuma kowane kubik yana da nauyin kilo 2,400 ko kusa da haka. Sama da tan 17 ke nan a kan 'ya'yanka, ban da bangon sama, tayil da tankin ruwa. Ka haɗa da bim da matakala, ka kusa kubik 10. A kwaɓin 1:2:4, wato buhu ɗaya (kwano biyu ke nan), kwanon yashi huɗu, kwanon tsakuwa takwas, kowane kubik na cin buhu 6 da ɗoriya. Lissafi ya ba da kimanin 65. Ka ajiye 75.

Ni lokacin nawa, na yarda da ƙiyasin baki. Birkila ya ce buhu 55 sun isa, na sayi 55. Wajen la'asar siminti ya ƙare, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na dekin bai samu ba, ga tsakuwa ita ma ta yi ƙasa. Kuɗin da ke hannuna na sallamar leburori ne. Kafin in haɗa na cikon, kwana uku sun wuce. Aka zuba sabo a jikin wanda ya riga ya daskare, a wurin da injiniya bai tsara a tsaya ba. Damina ta farko, kafin in samu halin yin rufi, ruwa ya bi wannan layin ya ɗiga a ɗakin mahaifiyata. Na kashe kuɗin gyara da ya fi na buhu 20 ɗin da na gaza saye, kuma har yau in na ɗaga kai na ga tabon, raina yana ɓaci.

Saboda haka, ranar zuba dekin ba ta zuwa sai waɗannan sun tabbata. Siminti, yashi da tsakuwa duka suna wurin tun jajibere, ka ƙirga da idonka. Ruwa a cike a durom da tanki. Injin kwaɓa da injin girgiza kankare an gwada su, da mai a jarka. Kwaɓin shebur a ƙasa ba na yarda da shi a dekin ko kaɗan. Mai wayarin da mai famfo sun gama shimfiɗa bututunsu, don fasa dekin daga baya ɓarna ce. Injiniya ya zo ya duba ɗaurin rodi ya amince kafin a zuba kwano ɗaya. A fara da sassafe bayan asuba, a gama a yini guda.

Kan rodi, kada ka saye shi da suna. Kasuwa cike take da wanda ake kira mai 12 alhali bai kai ba. Sandar mai milimita 12 mai tsawon mita 12 tana da nauyin kilo 10 da rabi da 'yan kai, wato kimanin sanda 94 a tan guda. Mai 16 kuwa kusan kilo 19, sanda 53 a tan. Ka je da ma'auni, ka auna a gaban mai shago. Sannan a sa 'yan ƙananan dunƙulen siminti a ƙarƙashin rodin su ɗaga shi daga katako da santimita 2, kankare ya lulluɓe shi. Rodin da ya kwanta a kan katako shi ne kake gani ya yi tsatsa ya fasa silin bayan 'yan shekaru. Rodin ginshiƙan sama kuma a bar shi ya fito aƙalla santimita 80 idan mai 16 ne, a samu abin ɗaurawa.

Ka tsaya kan kwaɓi da kanka ko ka sa ɗan'uwa mai tsayayyen ido. Leburori na son ƙara ruwa don kankare ya yi sauƙin ɗauka, ruwan nan kuwa ƙarfinsa yake cinyewa. In rana ta yi tsaka, kwanon yashi huɗu yakan koma shida in babu mai ƙirge.

Bayan an zuba, a yi ta ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7. Da hunturu iska na busar da shi da wuri, sai a lulluɓe da buhuna masu jiƙa. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa. Mai hayar gora da katakon da suka tallafe dekin zai zo a kwana na goma ya ce, "Oga, ana jiran kayan nan a wani aikin." Ka ba shi haƙuri ka ƙara masa kuɗin haya. Ni ba na bari a zare gora kafin kwana 21, kuma ba na bari a jibge bulo a tsakiyar sabon dekin.

Mataki na shida: lokaci, ma'aikata da sauran aiki

Ka fara haƙa da zarar damina ta ɗauke, wajen Oktoba ko Nuwamba, da nufin kwano ya hau kafin Yuni. Siminti kada ka tara na fiye da wata biyu, yana dunƙulewa, kuma a ɗora shi a kan katako nesa da bango. Rodi, bulo da tsakuwa su ne za ka iya saye ka ajiye idan kuɗi sun shigo.

Aikin hannu a ba da shi jinga, zango-zango, a rubuce. Kafin alƙalami kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku, sauran sai an duba aiki. Kaya kuma ka saya da kanka.

Daga rufi zuwa ƙarshe aikin sananne ne, sai dai a sani ƙarashe yakan ci kuɗi kusan kamar gangar ginin: filasta, silin, tayil, ƙofofi, tagogi, wayarin, fenti. In aljihu ya yi sanyi, a gama ƙasa a shiga, a toshe tagogin sama, amma a sa wa matakala makari tun ranar farko saboda yara. Ƙofar da za ta haɗa tsohon gida da sabo ita ce ta ƙarshe da za a fasa, bayan an zuba mata linta, don ƙura da ma'aikata su tsaya a ɓangarensu, iyali su ci gaba da zamansu cikin sutura har a gama.