Yadda za ka riƙe manyan faɗace-faɗacen yaƙin ƴancin Amurka a ka

Ƙannena ƴan lakkwal na Tawa da Yamai, in mushen istuwar ya kawo ku ga yaƙin da ƴan Amurka suka yi da Ingila, don Allah ku rage haddar shekaru tsurarsu, ranar jarabawa duk sai su cakuɗe maku. Ga dabarar da ta fi.

Da farko ɗauki kaye da bik ka zana gaɓar tekun gabashin Amurka, ko layi guda ne daga sama zuwa ƙasa ya isa. Sa Kanada can sama, sai Boston, New York, Philadelphia, ƙasa kuma Virginia. Yaƙin nan daga arewa ya taso ya gangara kudu, in ka riƙe wannan ka yi rabin aiki. Duk faɗan da ka sa a kan kart ɗin kuma ka tambayi kanka abu guda, mi ya canza bayansa? Wa ya ci ba shi ne kan magana ba, don ƴan Amurka sun sha kashi sau da yawa kuma su suka yi nasara daga baya.

Fara da Lexington da Concord, 19 ga Afrilu 1775. Sojan Ingila sun fito daga Boston za su ƙwace makaman da aka ɓoye a Concord, manoma da ƴan sa-kai suka tare su, nan rigimar haraji ta koma ta bindiga. Wata biyu bayan haka sai Bunker Hill, 17 ga Yuni, Ingila ta ci tudun amma ta yi asarar mutum sama da 1,000 tsakanin matattu da masu rauni, su ko ƴan Amurka albarushi ne ya ƙare masu suka ja baya.

1776 kar ka riƙe sanarwar ƴanci ta 4 ga Yuli kawai. A watan Agusta Ingila ta fatattaki George Washington, babban kwamandan sojan Amurka, a Long Island kusa da New York, da dare ya tsallakar da sojansa ruwa ya tsira, New York ta faɗa hannun Ingila. Shi ya sa Trenton ke da nauyi, daren Kirsimeti ya ƙetare kogin Delaware cikin sanyi da ƙanƙara, safiyar 26 ga Disamba ya faɗa ma sojan haya na Jamus da ke yi ma Ingila yaƙi a garin Trenton ya kama kusan 900. Faɗan ƙarami ne, amma sojan da ke shirin watsewa gida sun samu ƙwarin zuciya. Ka ɗauki Washington kamar ɗan kokowar da ya san abokin karonsa ya fi shi ƙarfi, ba ya neman kaye da wuri, shi dai kar a kai shi ƙasa har wancan ya gaji.

To, inda nake so ka ja layi biyu da jan bik shi ne Saratoga, 1777. Janar Burgoyne na Ingila ya gangaro daga Kanada yana so ya bi kogin Hudson ya raba yankunan arewa da sauran, yana sa ran taimako zai zo mashi daga New York, shi kuwa Janar Howe na Ingila da ke New York ɗin ya kwashi sojansa ya tafi cin Philadelphia. Burgoyne ya rage shi kaɗai cikin daji, abinci na ƙarewa, aka yi karo biyu, ran 17 ga Oktoba ya miƙa wuya ga Janar Gates na Amurka da mutum kusan 6,000. Mi ya canza? Faransa, wadda ke da ciwon rasa Kanada a hannun Ingila tun 1763, ta ga mutanen nan za su iya, sai a Fabrairu 1778 ta sa hannu kan yarjejeniyar ƙawance da su, wakilin Amurka Benjamin Franklin yana can Paris yana ta wannan fafutuka. Wallahi duk wanda ya bar wannan a takardarsa bai gane yaƙin ba.

Na kudu ka wuce su da sauri, Charleston da Camden a 1780 Ingila ta ci, Cowpens a Janairu 1781 ƴan Amurka.

Sai Yorktown a Virginia. Janar Cornwallis na Ingila ya shiga garin da ke bakin ruwa yana jiran jiragen Ingila, amma ran 5 ga Satumba 1781 jiragen yaƙin Faransa ƙarƙashin de Grasse suka kore su daga bakin Chesapeake, mashigar tekun da ke kai wa Yorktown. Ta tudu Washington da janar biyu ƴan Faransa, Rochambeau da Lafayette, ta ruwa Faransa, ba mafita, Cornwallis ya miƙa wuya ran 19 ga Oktoba. Ka zana kibiya daga Saratoga zuwa nan, don ba don waccan ba da ba jirgin Faransa ko guda.

In ka gama ka rufe kayen, da yamma a fada wajen shayi ka sa aboki ya riƙa kiran sunan faɗa kai kana faɗin shekara da abin da ya canza, sannan ku yi musanya. Kuma ku kula, 1781 babban faɗa na ƙarshe ne, Ingila ba ta gama amincewa da ƴancin Amurka a hukumance ba sai yarjejeniyar Paris ta 3 ga Satumba 1783, nan ne ɗalibai da yawa ke zubar da maki.