Babi na 7: Gajeren saƙo a soshiyal midiya

A wannan babin zamu koyi yadda zaka rubuta magana kaɗan a waya amma ta yi maka aikin da kake so. Da yawanku kun iya buɗe WhatsApp da Facebook, wasu ma har da X, to amma iya buɗewa daban, iya amfani da shi daban.

Shi X ɗin nan da can Twitter ne sunansa. An buɗe shi a 2006, kuma a lokacin harafi 140 kacal ake baka, har ɗigo da filin da ke tsakanin kalmomi duk ana ƙirgawa, saboda an gina shi ne a kan tes na waya wanda ba ya wuce harafi 160. A 2017 aka ƙara ya koma 280, a 2023 aka sauya masa suna zuwa X. Ni a ganina wannan ƙa'idar gata ce ga wanda bai daɗe da fara koyon rubutu ba, domin ba wanda zai ce sai ka cika shafi, layi biyu masu ma'ana sun isa.

Ga misali. Wani ɗan aji yana so ya sanar a guruf cewa an ɗage darasi, sai ya rubuta: “Yan uwa ina so in sanar da ku wani abu mai muhimmanci wanda malam ya faɗa min ɗazu da muka haɗu, dan Allah kowa ya karanta har ƙarshe...” Har nan fa bai faɗi komai ba, kuma mai karatu yatsansa na kan allon waya, ya riga ya ja ya wuce. Da ma cewa yayi: “An ɗage darasin gobe zuwa Alhamis, ƙarfe 4 na yamma, a ajin da muka saba.” Kaga an san me ya faru, an san rana, an san lokaci da wuri, ba wanda zai sake kiransa yana tambaya. Abin da ya fi muhimmanci shi zaka sa a layin farko, bayani ya biyo baya in akwai buƙata. Kuma magana ɗaya a saƙo ɗaya, in kana da biyu raba su.

Kafin ka danna tura, karanta shi a bayyane da bakinka, inda harshenka ya sarƙe to nan ne gyara yake. Wannan ɗabi'ar kaɗai tana gyara rubutu sosai wallahi.

Alamar # kuwa aikinta tara duk saƙonnin da ke magana kan abu ɗaya wuri guda, ɗaya ko biyu sun wadatar.

Yanzu sai maganar turawa gaba, nan ne nake so ku natsu. In saƙo ya zo maka a WhatsApp ka duba samansa, in kaga kibiya biyu to ya bi hannu da yawa kafin ya iso gare ka, wanda ya turo maka ɗin ma ba shi ya rubuta ba kuma wataƙila bai san wa ya rubuta ba. Saboda yawan jita-jita ne kamfanin ya taƙaita turawa zuwa wuri 5 a lokaci guda a 2019, a 2020 kuma irin mai kibiya biyun nan ya koma wuri 1. Tambayi kanka, wa ya faɗa, yaushe, akwai wata kafar labarai da ka yarda da ita da ta kawo shi? In baka samu amsa ba bar shi ya tsaya a kanka. Shuɗiyar alamar nan da ke gefen suna a X, wadda a da take nuna an tantance mai asusun, ita ma kada ta ruɗe ka, yanzu wanda ya biya kuɗi yana iya samunta.

Kuma magana zarar bunu ce, sitatus ɗinka zai ɓace bayan awa 24 amma wanda ya ɗauki hotonsa ya ajiye yana nan da shi, don haka in ranka a ɓace yake ajiye wayar tukuna. Lambobi 6 ɗin nan da WhatsApp ke turowa ta tes kuwa kada ka ba kowa, ko da ya rubuto da sunan ɗan uwanka, da su ake kwace asusun mutum.

Aikin gida: ka rubuta sanarwa ɗaya a takarda wadda bata wuce harafi 280 ba, ka ƙirga da kanka har da ɗigo da fili, ka ja layi ƙarƙashin rana da lokaci da wuri. Ka zo da ita darasi na gaba, kowa zai karanta tasa a gaban aji.