Yadda Ake Bin Matakan Shugabanci Wajen Karɓar Umarni da Kai Koke

Ma'aikacin da ya kama aiki, ko a bariki ko a ofishin gwamnati, abin da ya kamata ya fara tantancewa shi ne mutum ɗaya da zai riƙa karɓar umarni daga gare shi, domin ta hannun wannan mutumin umarni ke saukowa, ta hannunsa kuma rahoto da koke ke hawa sama.

A aikin soja tsarin a fili yake. Kundin tsarin mulki na 1999 ya naɗa Shugaban Ƙasa babban kwamandan askarawan Najeriya, sannan umarni ya biyo ta hafsoshin tsaro zuwa runduna, birged, bataliya, har ya iso ga saje da kofur. Birged ta 1 da ke Gusau tana ƙarƙashin Runduna ta 8 mai hedikwata a Sakkwato, saboda haka kwamandanta can yake kai rahoto. Mutane da dama a Zamfara suna ɗauka gwamna na iya ba shi umarni kai tsaye, alhali iyakarsa ya nemi taimako ko ya ba da shawara a taron tsaro. Ƙaramin soja mai buƙatar hutu kuwa daga shugaban sashensa zai fara.

Aikin farar hula ya fi sassauci, amma takarda ba ta tsallake tebur. Malamin firamare a Talata Mafara da ke neman canjin wurin aiki zai rubuta wa Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha, sai dai takardar za ta bi ta hannun shugaban makaranta da Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, kowannensu ya sa hannu ya rubuta ra'ayinsa. Ya ajiye kwafi mai hatimi da kwanan wata, domin shi ne hujjarsa ranar da aka ce fayil ya ɓata. Wanda ya wuce Gusau kai tsaye don yana da ɗan uwa a hedikwata, galibi takardarsa na dawowa hannun mutumin da ya tsallake, ga kuma ɓacin rai ya shiga tsakani.

Idan koken a kan shugaban ne kansa, a rubuce ake kai shi mataki na gaba, tare da bayyana dalilin tsallakewar. In nan ma ba a saurara ba, ma'aikacin farar hula na iya zuwa Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ke da ofishi a kowace jiha.