Yadda za ka gane zamanin tsohuwar Stratocaster kafin ka ba da kuɗinka

Mai sayar da tsohuwar jitar Stratocaster zai fara nuna maka lambar da ke bayanta. Ni ba daga nan nake farawa ba. Lambar tana jikin wani ɗan farantin ƙarfe da kusoshi suka riƙe, kuma duk mai sukundireba zai iya cire shi daga wannan jita ya ɗaura wa waccan. Ko a masana'antar Fender da ke Fullerton ta jihar Kalifoniya ma ba bi da bi ake ɗaukar farantan ba, ma'aikaci na kai hannu ne ya ɗauko wanda ya samu. Daga 1976 aka mayar da lambar can saman wuya, wato kan jitar, amma har yanzu shaida ɗaya ce cikin shaidu da yawa.

Dalilin yana cikin asalin ƙirar. Leo Fender mai gyaran rediyo ne, ba makaɗi ba. Da shi da Freddie Tavares da George Fullerton suka fito da Stratocaster a 1954, suna sauraron makaɗa irin su Bill Carson, wanda ya koka cewa gefen Telecaster, jitar Fender da ta riga ta fitowa, na sukar haƙarƙarinsa, shi ya sa aka sassaƙe wa sabuwar wurin ciki da wurin hannu. Leo jitar da za a kwance a gyara ya ƙera: wuya daban, gangar jiki daban, kayan wuta kusan duka a jikin faifan roba ɗaya. To abin da aka yi don a kwance shi, an kwance shi kuwa. Saboda haka kowace gaɓa za ka tambaye ta shekarunta ita kaɗai, sannan ka ga ko bakinsu ya zo ɗaya.

Fara da kai, inda maɗauran tsirkiya suke. Daga 1954 zuwa ƙarshen 1965 kan ƙarami ne siriri. Kamfanin CBS ya sayi Fender a Janairun 1965 kan dala miliyan 13, kafin shekarar ta ƙare aka faɗaɗa kan, ya zauna haka har farkon shekarun 1980. Sunan Fender na farko siririn rubutu ne mai kama da taliya, a 1964 aka kawo mai kauri ruwan zinariya, wajen 1968 kuma baƙi mai kauri ya karɓa. Kada ka rataya komai a kan rubutun, don tambari ne da ake liƙawa, ana kuma sayar da na jabu.

Wuya ya fi kai faɗin gaskiya. Har tsakiyar 1959 itacen mapul ne guda ɗaya, fari, da baƙaƙen ɗigogi a gaba da wani layi mai duhu a baya, inda aka tsaga aka saka sandar ƙarfe aka toshe. Daga nan aka fara shimfiɗa itacen rozwud mai duhu a wurin danna yatsu, layin bayan ya ɓace. Nan ne nake so ka kawo idonka kusa. Dubi ƙarshen wuyan: idan rozwud ɗin mai kauri ne kuma ƙasansa a miƙe yake, to tsakanin 1959 da tsakiyar 1962 ke nan. Idan siriri ne ya lanƙwasa ya bi bayan mapul ɗin, bayan haka aka yi shi. Ɗigogin da ke kansa ma suna magana. Na farko dusu-dusu ne launin yumɓu, ba sa ƙyalli, sai wajen ƙarshen 1964 aka koma masu sheƙi. Fuskar mapul ta dawo a ƙarshen shekarun 1960, don haka farin wuya kaɗai bai sa jita ta zama ta 1957 ba.

Sai ka ƙirga kusoshin faifan gaba. Takwas ne a jikin farar roba mai falle ɗaya har 1959, daga nan suka zama 11 a jikin mai falle uku. Faifan 1959 zuwa 1964 na seluloyid ne, yana komawa kore-kore da tsufa, yana kuma ƙanƙancewa har ya tsage kusa da kusar pikof ɗin wuya (pikof shi ne na'urar da ke ƙarƙashin tsirkiya tana ɗaukar sautinta). Wannan tsagewar ba ta tayar mini da hankali, alama ce mai kyau. Abin da ke tayar da shi shi ne a ɗaga faifan jitar da aka ce ta 1957 ce a tarar da ramuka 11 a katako, ko ramukan da aka cike aka shafe.

Fenti kuwa, na shekarun farko launi biyu ne, rawaya a tsakiya da duhu a gefe. A 1958 aka sa ja tsakaninsu, sai dai jan wasu na 1959 da 1960 ya koɗe a rana har suka koma kamar masu launi biyu. Katakon gangar jiki na itacen ash ne da fari, a 1956 aka koma alda. Launuka na musamman daga fentin motoci aka ɗauko su, ana ƙara kashi 5 cikin ɗari a kan farashi, irin jar da mawaƙi Cliff Richard ya sayo wa makaɗinsa Hank Marvin a 1959, wadda ta sa samarin Ingila suka dinga neman jar Stratocaster. Masu launi na musamman su ne mafi tsada yau, su ne kuma aka fi yi wa jabu, domin sake fenti abu ne mai sauƙi, kuma jitar da aka sake wa fenti darajarta na zubewa ƙwarai.

Juya jitar. Kusa uku maimakon huɗu a farantin wuya, da wani ƙarfe mai kan harsashi da ya leƙo a gindin kai, wannan 1971 zuwa 1981 ne. Makunnin zaɓen pikof matsayi uku yake da shi har 1977. Kafin nan makaɗa kan tsayar da shi a tsakani don su sami muryar pikof biyu tare, da yawa kuma daga baya suka canza shi da mai matsayi biyar. Wannan canjin ba ya sa ni fasa ciniki.

Idan kuɗin mai nauyi ne, roƙi izinin mai ita a cire wuya, kuma ka bar shi ko masanin gyara ya cire, bayan an sassauta tsirkiyoyi. A gindin wuyan za ka ga kwanan wata da fensir, kamar 5-57. Daga 1962 hatimi ne, irin 2 MAR 63 B. Mutane kan karanta 2 ɗin a matsayin ranar wata, alhali lambar samfurin Stratocaster ce, B kuma faɗin wuya. Wasu wuyoyin 1959 ba a rubuta musu komai ba, kada wannan ya firgita ka. Ƙarƙashin faifan, a bayan na'urorin da ake murzawa don ƙara murya, akwai wata lamba: 304 kamfanin Stackpole ne, 137 kuma CTS, sai shekara da mako. 1376512 na nufin mako na 12 na 1965. Abin da take gaya maka shi ne jitar ba ta riga wannan makon fita ba, iyakarta ke nan. CBS sun sayi waɗannan na'urori jibgi a 1966, suka yi ta amfani da su shekaru bayan haka. Dubi dalmar da ta haɗa wayoyin: tsohuwa dusu-dusu take, sabuwa na ƙyalli. Wayar mai rigar zare ce har wajen 1968.

Sau da yawa za ka tarar wuya na faɗin wata shekara, jiki na faɗin wata. Ban ɗauki wannan aibi ba. Jitar makaɗi Eric Clapton mai suna Blackie daga tsofaffin jitoci uku da ya saya a Nashville a 1970 aka harhaɗa ta, kuma a 2004 aka yi gwanjonta kan dala 959,500. Baƙar Stratocaster ta makaɗi David Gilmour an canza mata wuya ba sau ɗaya ba, a 2019 ta tashi kusan dala miliyan 4. Sunan masu su ne ya ɗaga su haka. Kai da ni, abin da ya dame mu shi ne a faɗa mana gaskiya, a sa kuɗin haɗaɗɗiya a kan haɗaɗɗiya.

Kuma ina jin zafin yadda ake raina jitocin zamanin CBS gaba ɗaya. Farar da Jimi Hendrix ya kaɗa a bikin waƙa na Woodstock a 1969 ta 1968 ce, mai babban kai, ta masu hannun dama ya juya ta don shi bahago ne. Gaskiya ne wasu na ƙarshen shekarun 1970 suna da nauyin tsiya, fentinsu ya yi kauri, ramin wuyansu ya yi faɗi. Gwajin mai sauƙi ne: riƙe gangar jikin, ka ɗan tura wuyan gefe a hankali. Idan ya motsa, tsirkiyar gefe ta kusa zamewa daga bakin wuya, ka san da aiki a gaba. Idan ya tsaya daram, ka kaɗa ta ba tare da ka sa wuta ba, ka ji ko katakon na amsawa a jikinka.

Ƙujewar fenti da tsatsa kuwa ba shaida ba ne. A 1982 Fender suka fara sake ƙera samfurin 1957 da 1962 a Amurka da Japan, kuma daga 1995 sashensu na musamman ke tsufar da sababbin jitoci da gangan. Masu kyau ne, ana kaɗa su a manyan dandali, amma shekarunsu nasu ne. Idan mai sayarwa ya yarda ka shafa ƙujewar amma ya hana a ɗaga faifan, to farashin sabuwa za ka taya.