In za ku ga likita, kada ku tsaya a kan "ciwo" kawai

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kalmar ciwo tana ɗaukar kaya da yawa. Wanda ya faɗi a babur ya ji ciwo, mai suga yana da ciwo, wanda aka gaya wa baƙar magana ma sai ya ce abin ya yi masa ciwo. Har mai hankali cewa ake yi ya san ciwon kansa.

Shi ya sa in likita ya tambaya, "cikina ke ciwo" bai isa ba. Murɗawa yake yi ko suka? Kai sarawa yake ko nauyi? Zogi shi ne wanda ke bugawa yana lafawa, irin na maruru ko haƙori. Raɗaɗi kuwa na ƙuna ne, ko yanka da ruwa ya taɓa. Gaɓoɓi kuma tsami suke yi. Ku nuna wurin da yatsa, ku faɗi ranar da ya fara da abin da ke tayar da shi.

Sannan don Allah, "da sauƙi" amsar mai dubiya ce. Iyayenmu mata musamman, kunya kan sa su faɗe ta a gaban likita alhali ko barci ba su yi ba. In kun raka su, ku taya su bayani.